Tsarkin Ruwa a Wajen Kifi: Daga Fadamar Haɗejiya zuwa Akwatin Murjani

Tsakanin garin Birniwa da gaɓar teku mafi kusa akwai tazarar da ta haura kilomita 800, saboda haka ɗalibin da ya tashi a wannan yanki yana iya gama sakandare bai taɓa ɗanɗana ruwan teku ba, balle ya ga murjani mai rai. Duk da haka, akwai wata sana'a ta masu kiwon halittun teku a cikin akwatin gilashi, wanda ake kira akwariyam, da ta cancanci ɗaliban kimiyyar halittu na wannan yanki su san ta. Dalili kuwa shi ne, da wuya a sami wani aiki da mutum ke yi a cikin gidansa wanda yake bukatar tsarkin ruwa kamar wannan. Ruwan da likita zai amince a ba jariri ya sha, shi ne mai kiwon murjani zai ƙi zubawa a akwatinsa. Wanda ya fahimci dalilin wannan ƙi, ya fahimci abin da ke kashe tarwada a cikin kwamin siminti a Haɗejiya, da abin da ke sa ruwan wata rijiya zartsi, da kuma yadda ake samar wa alhazai ruwa a ƙasar da ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara.

Ruwa garau da ruwa tsarkakakke

Abubuwan da ke cikin ruwa iri uku ne. Akwai waɗanda ke yawo a cikinsa ba su narke ba, kamar laka da taɓo da ɓurɓushin ciyawa, waɗanda su ne ke mai da Kogin Haɗejiya ja a watan Agusta. Akwai masu rai, wato ƙwayoyin bakteriya da gansakuka da ƙwan tsutsotsi. Sannan akwai waɗanda suka narke sarai, ido ba ya ganinsu, ƙyalle ba ya tare su.

Kashi na farko ba ya ba mutanen karkara wahala. Tun da daɗewa mata sun san a jefa ɗan alam a cikin randa, a bar ruwa ya kwanta, a tsiyaye na sama. Garin ƙwayar zogale ma yana yin wannan aiki, domin akwai wani sinadari a cikinsa da ke jawo ƙananan ƙwayoyin laka su dunƙule su nutse. Wata masaniya mai suna Samiya Al Azhariya Jahn ta yi bincike mai zurfi a kan yadda matan ƙauyukan Sudan ke amfani da shi, a ƙarshen shekarun 1970 da cikin na 1980. Kashi na biyu kuma tafasawa ko sinadarin kulorin na maganinsa. Kashi na uku shi ne mai wuyar sha'ani, domin alam ba ya taɓa shi, tafasawa kuwa ƙara masa ƙarfi take yi, tun da ruwa ne ke tashi ya zama tururi, gishirin da ya narke yana nan a cikin tukunya.

Daga ina waɗannan narkakkun abubuwa suke fitowa? Ruwan Kogin Haɗejiya ya yi doguwar tafiya kafin ya iso fadama. Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974, da Kogin Challawa, wanda aka datse a 1992, su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. A kan hanya ruwan yana lasar duwatsu da ƙasa, yana wucewa ta kusa da unguwannin masana'antu na Kano inda ake jima, yana kuma kwasar ragowar takin zamani daga gonakin noman rani. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa, wanda ake samu ta rijiya da burtsatse, ya fi na kogi daɗewa yana cuɗanya da ƙasa, shi ya sa a mafi yawan lokuta ya fi shi narkakkun gishirai, ko da yake ya fi shi haske a ido. Idan aka nausa arewa maso gabas daga Birniwa, aka wuce Nguru zuwa ƙasar Manga da ke kan iyakar Nijeriya da Nijar, sai a tarar da kwaruruka inda ruwan ƙasa ke tasowa rana ta busar da shi, ya bar farin ɓawon kanwa da gishiri a bisa ƙasa. Fatake sun shekara ɗaruruwa suna ɗibar wannan kanwa zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. Duk buhun kanwa da aka gani a kasuwa, narkakken abu ne da ya taɓa zama a cikin ruwa garau.

Masana na auna jimillar narkakkun abubuwa da miligiram a kowace lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ruwan da bai kai miligiram 600 ba yana da daɗin sha, wanda ya haura 1,000 kuwa harshe na fara ƙin sa. Ruwan teku yana da kimanin miligiram 35,000, wato giram 35 a kowace lita. Bahar Maliya, saboda zafi da rashin kogunan da ke zuba a cikinta, tana kai wa wajen giram 40.

Abin da ke hana karfasa zama a teku

Idan aka raba ruwa biyu da wani siririn tantani mai barin ruwa ya wuce amma yana tare gishiri, to ruwa zai dinga ratsawa daga ɓangaren da gishiri ya yi ƙaranci zuwa ɓangaren da ya yi yawa. Wannan shi ne abin da littattafan makaranta ke kira osmosis, a nan kuwa za a kira shi ratsa-tantani. Wani malami Bafaranshe, Jean-Antoine Nollet, shi ya fara bayyana shi a 1748, bayan ya ɗaure bakin wata kwalba da tantanin mafitsarar dabba ya tsoma ta a ruwa, ya ga tantanin ya kumbura. Mahauci da ke barbaɗa gishiri a kan fata, da uwargida da ke ganin ruwa ya fito daga yankakken albasa bayan ta sa gishiri, duk wannan doka suke amfani da ita.

Jinin kifi yana da gishiri kimanin giram 9 zuwa 10 a lita. Wannan ya ninka na ruwan kogi sau da yawa, amma bai wuce kashi ɗaya cikin uku na ruwan teku ba. To, mashaƙar kifi, wato jan naman nan mai kama da gezar tabarma da ke ƙarƙashin marfin kunnensa, tantani ne siriri ƙwarai, kuma dole ya zama siriri domin iskar oksijin ta iya shiga jini. Ta nan matsalar take shigowa. Karfasa da kurungu da ragon ruwa da ke cikin Kogin Haɗejiya, ruwa ne ke kutsawa cikin jikinsu dare da rana, gishirin jininsu kuma yana sulalewa waje. Saboda haka kusan ba sa shan ruwa, ƙodarsu tana fitar da fitsari mai yawa, tsararo, sannan wasu ƙwayoyin halitta na musamman a mashaƙarsu suna tsamo ɗan gishirin da ke cikin kogi suna mayar wa jini. Masanin nan na ƙasar Denmak, August Krogh, ya tabbatar da wannan tsamowa a shekarun 1930.

Kifin teku kuwa halinsa akasin haka ne. Teku ce ke tsotse ruwan jikinsa, har ana iya cewa yana zaune cikin ruwa amma ƙishirwa ce babbar abokiyar gabarsa. Homer Smith na Amurka ya nuna a 1930 cewa irin wannan kifi shan ruwan teku yake yi, hanjinsa ya tsotse ruwan, mashaƙarsa ta tura gishirin waje, fitsarinsa kuma ɗan kaɗan ne. Idan aka saka shi a ruwan kogi jikinsa zai cika da ruwa, gishirin jininsa ya tsinke, ya mutu. Akwai kifayen da ke iya sauya tsari su rayu a ko'ina, kuma wasu daga dangin karfasa suna cikinsu, musamman irin ta ƙasar Mozambik. Amma mafi yawan kifaye ba su da wannan baiwa, murjani kuwa ba shi da ita ko kaɗan.

Murjani dabba ne

Bahaushe ya san murjani a wuyan amarya. Sunan daga Larabci ya zo, kuma an ambace shi a cikin Suratur Rahman. Jan murjani na asali daga Bahar Rum ake tsamo shi, ya kuma shigo ƙasashen Afirka ta Yamma ta hannun 'yan kasuwa, ko da yake mafi yawan wanda ake sayarwa a kasuwa yanzu na gilashi ne ko na roba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan dutse ƙashin wata dabba ce.

Dabbar ƙarama ce, jikinta kamar ɗan buhu mai baki ɗaya da 'yan hannuwa kewaye da bakin. Dubbansu ke zama a manne da juna. Irin da ke gina manyan duwatsu a tekuna masu ɗumi suna tsamo kalsiyam da kabonet daga ruwa su gina wa kansu mazauni mai tauri, sinadarinsa ɗaya da na alli da ɓawon ƙwai. Zuriya bayan zuriya suna gini a kan na magabata, har a sami ganuwar murjani irin ta gabashin Ostireliya mai tsawon kimanin kilomita 2,300, ko waɗanda ke bin gaɓar Bahar Maliya har kusa da Jidda.

A cikin naman waɗannan dabbobi akwai wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya da ke zaune. Ita ke amfani da hasken rana ta haɗa abinci, ta ba dabbar kaso mafi tsoka na abin da take rayuwa a kai, ita kuma dabbar ta ba ta mafaka da abin da jikinta ke fitarwa. Wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka yana da saurin lalacewa. Idan zafin ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya kacal bisa abin da aka saba a lokacin bazara, ya kuma ɗore na wasu makonni, sai dabbar ta kori gansakukar, ta koma fari fat, in abin ya daɗe ta mutu da yunwa. Haka ta faru a ganuwar Ostireliya a 1998 da 2002 da 2016 da 2017 da 2020 da 2022 da kuma 2024.

Wani abin mamaki shi ne, ruwan da murjani ya fi so ruwa ne matalauci, wanda kusan babu naitiret ko fosfet a cikinsa. Waɗannan biyu su ne taki, su manomi ke saye da tsada a buhu. Idan suka yi yawa a ruwa sai manyan gansakuka su yi tsiro su lulluɓe murjani su tare masa haske, fosfet kuma yana hana shi gina ƙashinsa yadda ya kamata. Mai karatu da ya ga yadda kachalla ta cike hanyoyin ruwa a tsakanin Haɗejiya da Nguru, ta toshe wa masunta da manoma hanya, ya san yadda tsiro ɗaya ke danne sauran halittu idan yanayin ruwa ya sauya ya dace da shi. A can sauyin yadda ruwa ke gudu bayan gina madatsu ne babban dalili, a akwatin murjani kuwa taki ne, amma sakamakon iri ɗaya ne.

Yadda ake haɗa ruwan teku a cikin ɗaki

An buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun daji na Landan a 1853, kuma Philip Henry Gosse, wanda ya yaɗa sunan akwariyam, ya wallafa hanyar haɗa ruwan teku da hannu a 1854 saboda masu zama nesa da gaɓa. Har yau mafi yawan masu wannan kiwo haɗa ruwansu suke yi. Akwatin da ke cin lita 200 yana bukatar gishiri kimanin kilo 7. Amma gishirin miya ba zai yi ba. A cikin giram 35 na kowace litar ruwan teku, kulorayid ya kai wajen giram 19, sodiyam kusan 11, salfet kusan 3, magnisiyam ya ɗan haura 1, kalsiyam da fotasiyam kowanne wajen kashi huɗu cikin goma na giram, sai kuma wasu da dama 'yan ƙanana. Kamfanoni na haɗa wannan gauraye su sayar a bokiti. Aikin mai kiwo shi ne ya samo ruwan da babu komai a cikinsa ya narkar da shi, domin duk abin da ruwan ya zo da shi ƙari ne a kan ma'aunin da aka riga aka daidaita.

A nan ne ruwan famfo ke faɗuwa jarrabawa. Kulorin da ke kare ɗan Adam daga kwalara da taifot yana ƙona mashaƙar kifi. Tagullar da ruwa ke lasowa daga bututu, wadda mutum ba zai ko ji ɗanɗanonta ba, tana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi. Naitiret da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda ya kai miligiram 50 a litar ruwan sha, masu kiwon murjani suna ƙoƙarin kada ya wuce 5 zuwa 10, fosfet kuwa suna riƙe shi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na miligiram.

Na'urar da suke amfani da ita tana da matakai huɗu a jere. Ruwa na fara bi ta matatar zare da ke tare laka da tsatsa. Daga nan ya shiga gawayi na musamman wanda aka gasa da tururi har ya zama duk ƙananan ramuka. Giram ɗaya na irin wannan gawayi, da za a shimfiɗa bangon ramukansa, zai rufe fili mai faɗin murabba'in mita ɗaruruwa. Shi ke kama kulorin da wari da ragowar magungunan ƙwari. Mataki na uku shi ne zuciyar na'urar, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

An riga an faɗa cewa ruwa na ratsa tantani zuwa wajen da gishiri ya fi yawa. Wannan ratsawa tana da ƙarfi da za a iya aunawa. Idan ruwan teku ne a gefe ɗaya, tsarkakakken ruwa a ɗaya gefen, ƙarfin ya kai ninki 27 na matsin iskar sararin duniya, wato ya fi ninki goma na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. To, idan aka danna ruwan gishirin da matsin da ya fi wannan, sai tafiyar ta juya: ruwa ya bar gishiri a baya ya tsallaka shi kaɗai. Wannan shi ne juyayyen ratsa-tantani. An daɗe da sanin haka a ƙa'ida, amma tantanin da ake da shi ɗigo-ɗigo yake bayarwa, har sai da Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis suka ƙera wanda ke ba da ruwa mai yawa a wajajen 1960. A shekarun 1970 John Cadotte ya fito da wani iri mafi inganci, wanda shi ne tushen waɗanda ake amfani da su a yau. Tantani mai kyau na tare kashi 95 zuwa 99 cikin ɗari na narkakkun gishirai.

Ƙasar Saudiyya na cikin manyan masu tace ruwan teku a duniya, wani ta hanyar tafasawa a tara tururi, wani ta wannan tantani. Tashar Shu'aiba da ke gaɓar Bahar Maliya, kudu da Jidda, tana cikin masu tura ruwa zuwa Makka, saboda haka alhajin Birniwa da ya yi alwala a masaukinsa, mai yiwuwa da ruwan da ya taɓa wanke murjani ya yi ta. A gida Nijeriya kuma masana'antun ruwan leda da na gora da dama suna da irin wannan na'ura. Tun da ruwan famfo ko na burtsatse ba shi da gishiri kamar teku, matsi kaɗan ya isa, shi ya sa ta cikin gida ba ta fi girman jakar makaranta ba.

Sai dai tana da ɓarna. Ruwan da bai tsallaka ba, wanda ya kwashe duk gishirin da aka tare, dole a zubar da shi, kuma ƙananan na'urori kan zubar da lita uku ko huɗu kafin su ba da lita ɗaya. A garin da yara ke bin layi da jarka a bakin burtsatse, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai shirin kafa irin wannan na'ura a yankin Sahel ya kamata ya fara tanadin inda wannan ruwa zai tafi, ko wanki ko yayyafin tsakar gida, ba gonar kayan lambu ba, inda gishirin zai taru a ƙasa.

Mataki na huɗu wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne kamar gero, na wani irin ƙaro, waɗanda ke kama ragowar gishirin da ya kuɓuce wa tantani. Ruwan da ya fito daga nan, idan aka tsoma masa 'yar na'urar awo mai gwada yadda wutar lantarki ke ratsa ruwa, sifiri za ta nuna. Ɗalibi ya lura cewa irin wannan ruwa, shi kaɗai, babu kifin da zai rayu a cikinsa da lafiya, ko da na kogi ne. Amfaninsa shi ne ya zama farar takarda.

Lissafin ƙafewa

Wani zai ce, in dai naitiret ɗin ruwan famfo kaɗan ne, me zai hana a yi haƙuri da shi? Lissafi zai ba da amsa. A ɗauka akwai akwati mai lita 200, kullum lita 2 na ƙafewa, ana kuma cike gurbin da ruwa mai naitiret miligiram 20 a lita. Kowace rana an ƙara miligiram 40 ke nan, kuma babu ko ɗaya da zai bi tururi ya fita. A kwana 100 an tara miligiram 4,000, wato ƙarin 20 a kowace lita. A shekara guda an tara 14,600, wato ƙarin 73 a kowace lita, ban da wanda kifayen ke samarwa da kansu. Wannan lissafi ne kuma ke nuna dalilin da ya sa ba a cike gurbin ƙafewa da ruwan gishiri, sai da tsarkakakke, domin gishirin farko bai je ko'ina ba.

Abin da ke faruwa a tafkunan fadama ke nan bayan ambaliya ta janye. Daga Nuwamba zuwa Mayu babu ruwan sama, rana da iskar hunturu suna ta ɗiba, ruwan na raguwa, abin da ya narke a cikinsa na ƙara kauri, zafi na ƙaruwa. Ruwa mai zafin digiri 20 na iya riƙe oksijin kimanin miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa bai wuce 7 da rabi ba. Kifaye masu laushin rai su ke fara mutuwa. Tarwada na jurewa saboda tana da wata gaɓa a bayan mashaƙarta da take shaƙar iska da ita kai tsaye, gaiwa kuwa huhu gare ta, har takan shige cikin taɓo ta lulluɓe kanta da yauƙi ta jira damina. Haka nan gonar noman rani da ake ta ban ruwa ba tare da magudanar da za ta wanke ƙasa ba, ita ma akwati ce da ake cikewa kullum, gishiri na taruwa a hankali.

Dattin da kifi ke yi da kansa

Ko an fara da ruwa mafi tsarki, kifi zai ɓata shi. Duk dabbar da ta ci abinci mai gina jiki sai ta fitar da ragowar naitirojin. Kifi yana fitar da nasa a matsayin amoniya, mafi yawa ta mashaƙa. A kogi wannan ba komai ba ne, ruwa na tafiya da shi. A cikin akwati ko kwami kuwa yana taruwa, kuma guba ne.

Amoniya tana da fuska biyu a cikin ruwa, ɗaya mai saukin illa, ɗaya mai ratsa mashaƙa ta shiga jini. Yawan kowace ya dogara ga ma'aunin tsami da kanwa na ruwan, wanda 7 ne tsakiyarsa, ƙasa da haka tsami, sama da haka kanwa-kanwa. A zafin digiri 25, idan ma'aunin yana kan 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba. A kan 8 ta kai wajen kashi 5. A kan 9 ta haura kashi 35. Ruwan teku yana wajen 8 da ɗoriya, shi ya sa masu akwatin murjani ba sa wasa da amoniya. Wannan kuma gargaɗi ne ga mai kiwon kifi a yankin da ruwan rijiya ke da kanwa: adadin amoniyar da kifin wani ya jure a ruwa mai matsakaicin ma'auni, shi zai hallaka nasa, musamman da la'asar ɗin bazara, lokacin da zafi da aikin gansakuka ke ƙara ɗaga ma'aunin. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Idan aka ga tarwada sun daina cin abinci suna tsaye a saman ruwa, ya fi kyau a fara tuhumar ruwan kafin a garzaya neman magani.

Maganin amoniya halittu ne. Akwai bakteriya da ke mai da ita naitirayit, wasu kuma su mai da naitirayit naitiret, wanda gubarsa ba ta kai ta na biyun farko ba. Sergei Winogradsky, masani ɗan ƙasar Rasha, shi ya fayyace aikinsu a wajajen 1890. Waɗannan bakteriya ba sa yawo a ruwa sosai, manne wa dutse da yashi da bangon kwami suke yi, kuma suna da jinkirin hayayyafa. Shi ya sa mai akwatin murjani ke cika shi da duwatsu masu ramuka, ya bar shi mako huɗu zuwa shida kafin ya saka kifin farko. Mai kwamin siminti da ya cika sabon kwami da ɗaruruwan 'ya'yan kifi a rana ɗaya, ko ya wanke matatarsa da ruwa mai kulorin, ya kashe ma'aikatan da ba ya biya ko sisi.

Naitirayit, wato matakin tsakiya, yana da tasa illar. Yana shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa, kifi ya shaƙe alhali akwai iska a ruwa. Ƙofar da yake bi a mashaƙa ita ce ƙofar da kifin kogi ke tsamo kulorayid da ita. Saboda haka idan aka zuba ɗan gishirin miya a kwami, kulorayid na yi masa cunkoso a bakin ƙofar, kaɗan ne ke samun shiga. Masu kiwon tarwada da yawa suna zuba gishiri bisa gado ba tare da sanin wannan dalili ba. Kifin teku, da yake zaune cikin kulorayid, naitirayit bai cika damunsa ba.

Gwaje-gwaje a makaranta

Malami ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada kafin ya nuna wa ɗalibai waɗannan abubuwa. A yanka dankalin Turawa gida-gida, tsawo ɗaya kauri ɗaya, a auna da rula. A saka wasu a ruwan sama, wasu a ruwan da aka narkar da giram 9 na gishiri a lita, wasu a mai giram 35. Bayan awa biyu ko uku na farko za su kumbura su yi tauri, na ƙarshe su yanƙwane su yi laushi, na tsakiya kuwa sauyinsu kaɗan ne. A bar ɗalibai su faɗi wanne ne ya yi kama da karfasa a teku.

Gwaji na biyu ya fi dacewa da wannan yanki. Kowane rukuni na ɗalibai ya kawo ruwa daga wuri daban: rijiyar unguwa, burtsatsen makaranta, kogi ko tafki, ruwan leda, da ruwan sama in lokacinsa ne. A tace kowanne da ƙyalle mai tsabta, wanda ya yi ja a kwantar da shi da garin zogale, har dukkansu su yi garau. Sannan a zuba cokali biyar na kowanne a kan baƙin faranti ko gilashi mai tsabta, a rufe da gidan sauro saboda ƙura, a ajiye a rana har ya bushe. A kwatanta farin tabon da kowanne ya bari, a rubuta sunan wurin da ranar da aka ɗebo. In an maimaita gwajin a watan Oktoba da kuma watan Afrilu da ruwan tafki ɗaya, a ajiye farantan biyu kusa da juna domin ajin da ke biye ya gani.